Wadarin masaƙar maza ko na mata, wanne ya fi sauƙi ga mai koyo?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce kina so ki fara koyon saƙa a gida nan Katsina, gidan haya ne ba fili, shi ne kike tambaya tsakanin masaƙar maza da ta mata wacce ce wadarinta, wato jera zaren tsaye kafin a fara saƙa, ya fi sauƙi. To ni babana masaƙi ne, kakata kuma ta wajen uwa a jikin bangon ɗakinta take saƙa, duka biyun na yi masu ɗan aike ina yaro, bari in faɗi abin da na sani.

Wadarin maza tafiya ce, ba wasa ba. Turaku ake kafawa a fili, ka riƙe zare kana zagaya su kana dawowa har adadin silin da kake so ya cika, kuma a wajen turakun farko dole kowane zagaye ka gicciya zaren, wannan ya bi ta sama wancan ta ƙasa. Wannan gicciyen shi ne ran aikin, in an gama sai a ɗaure shi da wani zare daban kafin a cire daga turaku. Na taɓa cirewa ban ɗaure ba don ina sauri in tafi ƙwallo, wallahi yini guda muka yi muna warwara, baba bai ce mani komi ba amma kallon kawai ya ishe ni. Daga nan sai a naɗe zaren ya zama dunƙule, a ɗora shi kan kunkuru, wato ɗan katakon da ake ja a ƙasa, a danne da dutse can nesa gaban masaƙi, nauyin dutsen nan shi ke ja ya miƙar da zaren, ana saƙa ana naɗewa a takala, sandar da ke gaban cikin masaƙi, kunkuru na matsowa. Sai kuma inda ido ke shan wuya, zura zare cikin allera guda biyu, wato madaukan da ke ɗaga sili su sauke shi, sili ɗaya wannan sili ɗaya waccan, sannan a bi da su ta haƙoran matsefi. Shi ya sa tsofaffin masaƙa ba su cika zare ragowar tsohon zare daga allera ba, sai su bar shi su ƙulla sabon a jikinshi sili-sili su jawo. Amma fa in ka sha wannan wahalar sau ɗaya ka huta, wadari guda zai ba ka ƙwarya, wato siririn ƙyalle, mai tsawon da za a yanka a ɗinka riga ko zane, duk da faɗinta bai cika wuce yatsu huɗu zuwa taƙi ba, in ba irin ta bargon luru ba.

Na mata kuwa ba turaku ba fili. Masaƙar a tsaye take jingine da bango, sanda ɗaya sama ɗaya ƙasa, zaren kike zagayawa da shi daga ta ƙasa zuwa ta sama ya sauko ta baya, haka haka har faɗin ya kai yadda kike so, kamar kamu ɗaya ko fiye kaɗan. Tsawon ƙyallen kusan ninki biyu ne na tazarar sandunan, saboda kina saƙa kina juya shi ta baya. Ba matsefi ba matakai, sanda kike sawa ta raba zaren gida biyu, sannan ki ɗaure allerarki da hannu kina tsallake sili ɗaya kina kama ɗaya, akwasa, wani faffaɗan katako, ita ce ke buga abawa, wato zaren kwance, ta zauna. Matsalarshi biyu. Duk ƙyalle ɗaya sai kin sake sabon wadari da sabuwar allera, zane guda kuma sai kin haɗa biyu ko ukku. Ta biyun ita ce babba, a nan ba dutsen da zai daidaita maki ja, hannunki ne, in kin fara da ƙarfi kika gaji a tsakiya sai gefe ɗaya ya yi tauri ɗaya ya saki, ƙyallen ya fito a karkace kamar an yi mashi dole. Kakata in ta fara zagaya zare ko sallama aka yi sai dai ta amsa da baki, ba ta ajewa sai ta kai ƙarshe.

Zaren tsaye dai duk ɗaya ne a wajen biyun, siriri mai murɗi sosai ake so, kar ki sa abawa a tsaye tsinkewa za ta yi ta yi. Duk da audugar da ake nomawa Funtuwa da Malumfashi masu kaɗi da mazari sun yi ƙaranci, ki fara da zaren kanti kawai ya fi jure ja.

Ni a ganina ki ɗauki ta mata, ba wai don ke mace ce ba, ko namiji ne ya tambaya da wannan ɗakin haka zan ce mashi, kunkuru na son doguwar hanya ke kuma tsakar gidan ba taki ce ke kaɗai ba. Ki fara da majanyi, ɗan ƙarami, in ya karkace asarar ba yawa. In kin kafa sandunan ki turo hoto a nan group in duba maki tazarar kafin ki sa zare.