Jerin Central Scouting na matasan 'yan hoki: ya cancanci a buɗe shi, amma ba ya kai ka ƙarshen hanya

Duk mai son sanin yaran da ƙungiyoyin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, za su ɗauka a zaɓen matasan 'yan wasa na watan Yuni, ba tare da ya kashe ko sefa ɗaya ba, jerin da ofishin Central Scouting ke fitarwa shi ne wurin farawa. Ina da shagon kayan waya a babbar kasuwar Garwa, kuma ɗan ƙanena da ke karatu a Montreal ne ya cusa mini son wasan hoki na kan ƙanƙara, har na zama ɗan gani-kashe-nin Canadiens, ƙungiyar NHL ta birnin Montreal. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a can, mu nan sha biyun dare ne ko ɗaya, ya danganta da lokacin shekara. Mai buɗe shago da sassafe ba zai iya bin manyan wasanni ya kuma bi na matasa ba. Shi ya sa nake dogara da wannan jeri, kuma na daɗe ina amfani da shi har na san inda yake da ƙarfi da inda yake ɗingishi.

Ofishin na hukumar NHL ne da kanta, an kafa shi a 1975 don ya yi wa dukkan ƙungiyoyi hidima. Ma'aikatansa suna yawo filin wasa zuwa filin wasa a Kanada da Amurka da Turai suna kallon yara masu shekara 17 da 18. Sau uku ake jin ɗuriyarsu. A farkon kaka suna fitar da sunayen waɗanda za a sa wa ido, kowa da harafinsa, A na nufin ana ganin yaron zai fita a zagayen farko. A Janairu sai jerin tsakiyar kaka mai lambobi, a Afrilu kuma na ƙarshe. Zaɓen kansa zagaye 7 ne, ƙungiyoyi 32. Ana samun jerin a shafin hukumar, wanda ke da ɓangaren Faransanci, abin da ya sauƙaƙa mana mu 'yan Kamaru. Rubutu ne zalla a tebur, ba ya cin data: suna, tsayi, nauyi, matsayin da yaro ke bugawa, da ƙungiyarsa.

Abin da ya sa nake girmama mutanen nan shi ne da ido suke aiki, ba su tsaya ga ƙirga ƙwallaye ba. Sa Connor Bedard a lamba ta ɗaya a 2023 ba wata bajinta ba ce, yaron da ya tara maki 143 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci) a wasa 57 da ƙungiyar matasa ta Regina, ko makaho ya laluba zai same shi. Amma dubi Matthew Schaefer a 2025. Wasa 17 kacal ya buga wa ƙungiyar matasa ta Erie a kakar, ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗa ya karye a gasar matasa ta duniya. Wanda ke bin alƙaluma kawai da ya ture shi gefe. Su kuwa suka bar shi a saman jerin Arewacin Amurka saboda abin da suka gani na yadda yake sulɓi a kan ƙanƙara da yadda yake karanta wasa daga baya, kuma New York Islanders suka ɗauke shi na farko. Irin wannan hukunci ne ni da nake bakin Binuwai ba ni da hanyar yanke shi da kaina.

Babbar matsalar jerin ita ce ba guda ɗaya ba ne, huɗu ne. 'Yan wasan Arewacin Amurka daban, na ƙasashen waje daban, sannan masu tsaron raga na kowane ɓangare su ma daban. Ware masu tsaron raga na yarda da shi, domin sun fi kowa wuyar hasashe, tun Marc-André Fleury a 2003 ba a sake ɗaukar gola na farko a zaɓen ba. Amma raba Turai da Amurka yana kauce wa ainihin tambayar da ke bakin kowa: tsakanin wannan da wancan, wa ya fi?

Shekarar 2022 ta nuna wannan ƙarara, kuma a kan ƙungiyata ta faɗa. Montreal ce ke da zaɓin farko, a cikin garinta ma aka yi taron. Jerin ya ce Shane Wright ne na ɗaya a Arewacin Amurka, Juraj Slafkovsky ne na ɗaya a waje. Daga nan ya yi shiru. Wright yana da maki 94 a wasa 63 da Kingston, cikin sa'o'insa. Slafkovsky maki 10 ne kawai a wasa 31 da TPS ta Finlan, amma da magidanta yake gwabzawa, kuma ya ci ƙwallo 7 a gasar Olamfik ta Beijing inda Silobakiya ta samu tagulla. Ta yaya za a auna 94 da 10? Yaro a Turai sau da yawa mintuna kaɗan ake ba shi a cikin manya, filin ma yakan fi na Amurka faɗi. Wannan awon shi ne aikin gwani, shi ne kuma aka bar wa mai karatu. Montreal ta ɗauki Slafkovsky, Wright ya zame har lamba ta huɗu, Seattle ta same shi. Na fahimci dalilin ofishin, ƙungiyoyi yake yi wa aiki kuma kowacce na da nata masu farautar 'yan wasa da za su haɗa lissafin. Mu masoya ne aka bari da rabin amsa.

Na biyu, lamba ce ake ba ka ba dalili. Ka ga yaro ya faɗo daga 12 a Janairu zuwa 30 a Afrilu, tebur ba zai gaya maka ko rauni ne, ko koci ne ya rage masa lokaci, ko wasu ne suka taso ba. Kamar dillalin shanu ne a kasuwar Ngong da zai faɗa maka farashin bijimi amma ya ƙi buɗe maka bakinsa ka ga haƙora.

Sai batun girman jiki, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ko da yake wannan ciwon na sana'ar ne gaba ɗaya. Da tsayi da nauyi suna manne da kowane suna, ido can yake fara sauka. Lane Hutson ɗan baya ne, wato mai tsaron baya, ɗan ƙarami, sai da aka kai lamba ta 62 a 2022 kafin Montreal ta kira shi. A kakarsa ta farko cikakkiya ya tara maki 66, ya ɗauki kofin Calder na gwarzon sababbin 'yan wasa a 2025. Kocin da ke horar da shi, Martin St. Louis, shi ma gajere ne, ba a ma zaɓe shi ba ko kaɗan a zamaninsa, ga shi yau yana cikin zauren girmamawa na hoki. Idan na ga ɗan baya marar tsayi da maki masu yawa a can ƙasan jerin, shi nake fara nemo bidiyonsa.

Ofishin ne kuma ke gayyatar yara gwajin ƙarfi da ake yi a Buffalo kafin zaɓe. Sakamakon yana da daɗin karantawa, amma kada a ɗora masa nauyi. Sam Bennett, wanda su suka sa na ɗaya a Arewacin Amurka a 2014, ya kasa ɗaga jikinsa a kan ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta yi da shi. A 2025 shi aka ba Conn Smythe, kyautar gwarzon wasannin neman kofi, lokacin da Florida ta ɗauki kofin Stanley na zakarun NHL. Idon masu kallo ya fi ƙarfen gaskiya a wannan karon.

Abu ɗaya da nake roƙon mai amfani da jerin ya duba da kansa shi ne ranar haihuwa. Sai yaro ya cika 18 zuwa 15 ga Satumba ake zaɓensa a shekarar. Auston Matthews an haife shi 17 ga Satumba, kwana biyu suka hana shi zaɓen 2015, ya tafi Zurich ya buga da manya, aka ɗauke shi na farko a 2016. Ke nan a jeri ɗaya za ka tarar da yara biyu da kusan shekara guda ke tsakaninsu, kuma a wannan shekaru wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne.

Ga mai farawa, shawarata ya ɗauki na Janairu da na Afrilu ya ajiye su gefe da gefe a waya, ya fitar da sunaye goma da suka fi motsawa sama ko ƙasa, sannan ya nemi gajerun bidiyonsu a YouTube. Wanda kuma yake son a jera masa ɗan Suwidin da ɗan Ontario ta Kanada a layi ɗaya, tare da bayanin dalili, sai ya haɗa da rubuce-rubucen 'yan jaridar da ke bin matasan, domin wannan ofishi ba ya yin wannan aikin.