Gargaɗi ga masu motoci: a guji "ruwan sabunta tiyo" da ake tallatawa

Jama'a masu motoci, musamman masu injin turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) da waɗanda suka mayar da tiyon lagireto na silikon, a yi hattara da wani ruwa da ake tallatawa a shafukan sada zumunta da bakin wuraren wankin mota. A gorar roba yake zuwa, babu sunan kamfani, babu bayanin abin da aka haɗa a ciki. Mai tallar zai buɗe maka bonet, ya nuna tiyon da baƙin mai ya ɓata, ya jiƙa tsumma ya goge gefe ɗaya. Nan take shuɗin ko jan tiyon ya fito yana ƙyalli. Sai ya ce ruwan yana zaƙulo man da ya shige cikin tiyon, ya mayar da shi sabo fil. Wannan magana ƙarya ce, kuma ga dalili.

Silikon, wani abu mai kama da roba, gwani ne wajen jure zafi. Tiyo mai kyau yana ɗaukar kusan digiri 180 a ma'aunin Salshiyas ba tare da ya bushe ko ya tsattsage ba, shi ya sa ake sa shi kusa da turbo. Amma ba ya shiri da mai. Fetur, man gas, kananzir, baƙin mai, duk yana shan su kamar soso, ya kumbura, ya yi laushi. Man da yake kwance a fatar tiyo, ruwa da sabulu suna fitar da shi. Wanda ya riga ya ratsa cikin naman tiyon kuwa ya zauna ke nan, babu ruwan da zai dawo wa tiyon da ƙarfinsa. Duk wanda ya ce yana da maganinsa, ɗayan biyu ne: ko dai yana sayar maka da abin da ke narkar da mai, wanda shi ma tiyon zai sha, ko kuma abin sa ƙyalli da ke rufe tabon na 'yan kwanaki.

Irin wannan haɗi ba ya wuce fetur ko kananzir ko tina da aka zuba wa kala da turare, wani lokaci kuma ruwan soda, irin wadda ake yin sabulu da ita, da garin sabulu. Mai fetur da tina yana sa tiyo ya kumbura, idan ya bushe ya koma ya tsuke, kuma maimaita hakan yana raba fatar tiyon da zaren da ke cikinsa. Mai soda ya fi muni ta wani gefen, domin soda tana cin alminiyam. Bakin lagireto, bututun intakula (abin da ke sanyaya iskar turbo), murfin saman inji, duk za ka ga sun yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri. Shi kuwa abin ƙyallin, maiƙo ne kawai. A lokacin hunturu kwana biyu sun isa ƙura ta manne masa, tiyon ya fi da dauɗa.

Gwada gorar ba wuya, kuma mai gaskiya ba zai hana ka ba. Zuba cokali ɗaya a kofin ruwa: idan ya taso sama ya ƙi gauraya, dangin fetur ko kananzir ne. Ɗiga shi a kan farin soson nan da ake naɗe firji da talabijin a cikin kwali: fetur da tina suna huda shi nan take. Ɗiga a farar takarda ka jira minti goma: idan ya bar tabon maiƙo, abin ƙyalli ne. Jefa ɗan guntun takardar alminiyam ta naɗe abinci a ciki: idan ta fara kumfa, soda ce, kada ka bari ta taɓa hannu ko ido. A yi wannan a fili, nesa da wuta da masu shan taba.

Kashi na biyu na damfarar shi ne ya fi ciwo. Bayan makonni, tiyon ya yi laushi ko ya fara sulɓewa daga bakin bututu, sai a ce maka dama ya tsufa, ga sabo na silikon a farashi mai sauƙi. Sau da yawa abin da za a miƙo maka roba ce da aka fesa wa fenti, ko kuma leda mai kauri irin ta tiyon ban ruwa, wadda ke saki tun kafin ta kai zafin ruwan lagireto, alhali ruwan yana aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 100, ga kuma matsin da murfin lagireto ke riƙewa. Irin wannan tiyo a kan doguwar hanya yake fashewa, ruwa ya tsiyaye cikin mintuna, inji ya ɗauki zafi, gasket ɗin top ya ƙone. Kuɗin da ka ji daɗin ragewa a tiyo ba zai biya ko rabin aikin ba.

Duba bakin tiyon inda aka yanka. Na gaskiya za ka ga zaren saƙa a jere cikin namansa, yawanci layi 3 zuwa 5. Kankare bayansa da farce: launin silikon a jikinsa yake, ba ya ɓarewa. Shinshina shi: roba tana warin taya, silikon kusan ba shi da wari. Idan akwai saura da za a yanke, ƙona ɗan siririn yanki a kan ƙarfe. Silikon yana barin farin toka, roba tana baƙin hayaƙi ta bar baƙin gawayi, leda kuma narkewa take tana ɗiga.

Akwai wata yaudarar da ko masu na gaskiya suke yi, wasu da sani wasu cikin rashin sani. Tiyon silikon zalla na ruwa ne da busasshiyar iska. Wurin da tururin mai ke bi, kamar tiyon numfashin inji da na turbo a motocin man gas, yana buƙatar wanda aka shimfiɗa wa siririn rufi a ciki na fulorosilikon ko Viton. Idan aka sa maka na zalla a wurin, bayan watanni za ka ga yana gumin mai ta ko'ina, ka goge yau gobe ya dawo. Wannan ba dauɗa ba ce, mai ne ke ratsowa daga ciki. Kuma tiyon silikon ba ya zama tiyon fetur, ko me mai shago ya rantse da shi.

Wankin da ya dace kuwa kayansa suna cikin gidanka. Bari inji ya huce sarai, aƙalla awa biyu. Cire kan batir na nagetif, ka rufe altaneta da akwatin fis da bakin shan iska da leda. Zuba babban cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita ɗaya ta ruwan ɗumi. Shafa da tsumma mai laushi, ka bar shi minti biyar, ka bi lungun kilif da tsohon buroshin haƙori, sannan ka ɗauraye da ruwa kaɗan-kaɗan daga buta. Kada a kusanto da injin feshin masu wankin mota, yana tura ruwa cikin soket da ramin filogi. Inda tabo ya ƙi, ɗiga sipirit na kemis a tsumma, goge sau ɗaya ko biyu, ka bushe wurin. Ba a jiƙa tiyo a cikin sipirit, ba a kuma goge shi da soson ƙarfe, domin silikon da zarar ya samu ɗan tsagu sai ya bi ta nan ya yage. Idan launin ya dushe bai dawo ba amma tiyon yana da tauri, ƙyale shi, tabo ba ya hana aiki.

Idan sai an cire tiyon, yi masa alama kafin ka kwance don ya koma yadda yake. Jiƙa shi minti 15 zuwa 20 a ruwan sabulun, ɗauraye ciki da waje, ka shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. Na turbo, goge bakin bututun ƙarfen da sipirit kafin ka mayar, saboda maiƙon da ya rage shi ke sa tiyo ya fizge idan an taka mota. Ka kuma lura da kilif: mai ramuka a jikin ɗamararsa yana yanka silikon, nemi mai santsin ciki. Na lagireto kuma, bayan an mayar da ruwa a fitar da iskar da ta shiga layi.

Abin da mai gora ba zai taɓa gaya maka ba shi ne, tabon mai saƙo ne. Tiyo ba ya haifar da mai, daga wani wuri yake zuwa. Bayan wanki, barbaɗa hoda a saman tiyon da kewayen murfin saman inji, ka yi tuƙi kwana biyu ko uku, ka buɗe. Hodar za ta nuna hanyar da man ya biyo, galibi gasket ɗin murfin sama ne ko murfin zuba mai ko tiyon numfashi. Ɗan danshin mai a cikin tiyon intakula ba abin tsoro ba ne, amma idan ya taru har yana zubowa, a duba turbo da numfashin inji. Idan kuwa cikin tiyon lagireto ka tarar da abu mai kauri kamar kunun gyaɗa, mai ya haɗu da ruwa, a duba kular mai (abin da ke sanyaya baƙin mai) da gasket ɗin top kafin motar ta sake hawa titi.

Tiyon da ya kumbura, ko ya yi laushi kamar ɗanyen ƙulli idan ka matsa, ko yana danƙo a hannu bayan wanki, ko ya yi bororo, ya gama aiki, a canza shi.

Masu sayen motar hannu su ma abin ya shafe su, domin da irin wannan ƙyalli wasu dillalai ke rufe yoyon mai. Idan ka buɗe bonet ka ga komai yana sheƙi, shafa yatsa a ƙarƙashin tiyo inda tsumma ba ya kaiwa, ka matsa kowane tiyo inji na sanyi, sannan a tayar da motar a yi tafiyar minti 20, a faka a kan busasshen siminti, a sake buɗewa da tocila.