Gargaɗi Game da Masu Karɓar Kuɗin Fom da Sunan Asusun Kare Itatuwa da Namun Daji

Ana jan hankalin manoma, ƙungiyoyin gama-kai na mata, masu kiwon zuma da masu unguwanni a Zariya da kewaye, musamman wajajen Shika, Basawa da ƙauyukan bakin kogin Galma, game da wasu mutane da ke yawo da sunan wakilan wani asusun ƙasa da ƙasa na kare nau'o'in tsirrai da dabbobi. Suna gaya wa jama'a cewa duk mai ɗorawa, kaɗanya, kuka ko tsamiya a gonarsa za a riƙa biyansa da dala saboda ya bar su a tsaye, muddin ya sayi fom ya kuma biya kuɗin tantancewa kafin a rufe rajista. Wannan damfara ce, kuma abin da ya sa take shiga zukata shi ne an gina ta a kan wani abu da yake akwai shi da gaske.

Fom ɗin nasu shafi biyu ne, an manna tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya a samansa, tambarin ma ya dusashe saboda yawan kwafi. Ana neman hoton fasfo, lambar BVN, lambar NIN da kwafin takardar gona. Ba a biyan kuɗin a banki da sunan wata hukuma, sai dai a tura ta wajen mai POS zuwa asusun ajiya mai sunan mutum ɗaya, rasit ɗin da ake bayarwa kuma ba shi da lamba balle adireshin ofis. A wasu wuraren sukan zo da 'yan dashen itatuwa a baƙar leda, su tara mutane a ƙofar gidan mai unguwa, a ɗauki hoto, hoton nan kuma shi za a nuna wa ƙauye na gaba a matsayin shaidar cewa an riga an fara rabo. Bayan kuɗin fom sai a ƙirƙiro kuɗin buɗe asusun dala, daga nan lambar wayar ta daina shiga.

Asusun kare halittu na gaskiya akwai shi, kuma sanin yadda ake tafiyar da shi ne babbar kariya. An rattaba hannu kan yarjejeniyar kare nau'o'in halittu a birnin Riyo na ƙasar Brazil a 1992, Najeriya kuma ta amince da ita a 1994. Asusun da ke ɗaukar nauyin ayyukan yarjejeniyar shi ne GEF, wanda aka kafa a 1991, Bankin Duniya ne ke riƙe da amanar kuɗinsa, kuma yana da majalisar gudanarwa mai wakilai 32 da ke zama sau biyu a shekara, ga kuma ofishi mai zaman kansa da ke bin diddigin ayyukan da aka kashe wa kuɗi. A taron yarjejeniyar da aka yi a birnin Montiriyal na Kanada a Disamba 2022 ƙasashe suka ƙuduri aniyar samar da dala biliyan 200 a kowace shekara domin kare halittu nan da 2030, daga baya aka ƙaddamar da sabon asusu a ƙarƙashin GEF a birnin Vancouver na Kanada a Agusta 2023. Waɗannan manyan alƙaluma su ne 'yan damfarar ke ambatawa don su ruɗa mai sauraro, amma ba sa faɗa masa cewa kuɗin ba ya fitowa sai ta hannun hukumomin da aka tantance, irin su UNDP da FAO (hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na raya ƙasashe da na abinci da noma), Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, kuma sai jami'in da gwamnati ta naɗa a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ya rubuta takardar amincewa da aikin.

Hanyar da ta fi kusa da talaka ita ce shirin ƙananan tallafi da UNDP ke gudanarwa, wanda a da bisa al'ada ba ya wuce dala 50,000 ga aiki guda. Ƙungiya mai rajista ake ba wa, bayan ta rubuta abin da za ta yi da kuɗin dalla-dalla, kwamitin ƙasa ya duba ya amince, sannan a riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, ba a ba da na gaba sai an kawo rahoton na baya tare da rasit. Ba a sayar da fom, kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar ko sisin kwabo daga mai neman tallafi. Haka shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, wato ACReSAL, na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ta ofishin gwamnatin jiha yake aiki, ofishin da kowa zai iya zuwa ya yi tambaya. Wanda kuma ya zo muku da sunan hukumar katangar itatuwa ta Great Green Wall, ku tambaye shi dalili, domin jihohi 11 na bakin hamada aka kafa ta dominsu a 2015, Kaduna ba ta cikinsu.

Saboda haka duk wanda ya ce yana wakiltar asusu, a nemi ya faɗi lambar rajistar ƙungiyarsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunayen amintattunta, domin ana iya duba sunan a shafin hukumar na intanet ba tare da wahala ba. A nemi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC wanda ƙungiyoyin sa-kai ke rajista da shi. Sama da duka a nemi rahoton bara: nawa aka karɓa, daga wa, a wane ƙauye aka kashe, wane mai binciken kuɗi ne ya sa hannu. Ƙungiyar gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya, domin masu ba ta kuɗi sun riga sun tilasta mata rubuta amsar. Wanda ya ce rahoton sirri ne, ko ya ce yawan tambaya zai sa a cire sunan ƙauyenku, ya riga ya nuna ko shi wane ne.

A ganina nauyi mafi girma yana wuyan iyayenmu masu unguwanni da dagatai da shugabannin ƙungiyoyi, domin mutum ba ya miƙa BVN ɗinsa ga baƙo sai ya ga wanda yake girmamawa zaune kusa da shi. Allah ya ja zamaninku, kada a tara jama'a sai an tura wani ya tabbatar a sashen aikin gona na ƙaramar hukuma ko a ma'aikatar muhalli ta jiha. Ga kuma malaman gona a Samaru, ba nisa.

Wanda ya riga ya biya kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit ɗin POS, saƙonnin waya da lambar asusun da ya tura wa kuɗi, ya garzaya bankinsa ya sanar cewa BVN ɗinsa ya shiga hannun da bai yarda da shi ba, kuma kada ya faɗa wa kowa lambar sirri da za a turo masa ta waya. Sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kaduna, domin dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi hukunci a kan karɓar kuɗi ta hanyar yaudara. Wanda kuma ya ba da kwafin takardar gonarsa, ya shaida wa dagaci da maƙwabtan gonar tun yanzu, kafin wani ya bayyana da ita yana cewa an jinginar masa.