Akwatin kayan kafinta mai hana ruwa shiga: yana tare ruwan sama, amma a kula da tsatsa

Akwatin da nake magana a kansa na filastik ne mai kauri, tsawonsa daga waje kusan santimita 55, da roba mai laushi zagaye da bakin murfi, da maƙullai biyu na ƙarfe, da tire a ciki. Ya yi aiki a rana da ruwa da ƙura, kuma hukuncina a kansa shi ne: wajen tare ruwan sama ba shi da laifi, amma duk wanda ya saya ya ɗauka ya rabu da tsatsa ke nan, zai sha mamaki.

A fara da lambar da ke jikinsa, IP65. Wannan ma'auni ne na duniya, IEC 60529. Lamba ta farko ta ƙura ce, 6 kuwa na nufin ƙura ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce, 5 na nufin yana jure feshin ruwa daga kowane ɓangare. Bai kai a nutsar da shi ba. Wannan sai IP67, mai jure zurfin mita 1 na minti 30. Akwatunan Milwaukee Packout da DeWalt ToughSystem su ma IP65 ake rubuta musu. Idan kwali ya ce “ba ya shan ruwa” amma babu lamba, to zancen talla ne kawai.

Duk aikin hana ruwan a wuyan robar bakin murfi yake. Gwada ta ba wuya: a saka siririyar takarda a bakin akwatin, a rufe, a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, wurin bai matse ba. A bi gefe huɗun duka, musamman kusurwoyin baya kusa da hinji, don can ne murfi ya fi saki. A nawa kusurwa ɗaya ta ɗan yi sako-sako, ko da yake da na shimfiɗa busasshen tsumma a ciki na watsa masa ruwa da tiyo, bai jiƙe ba. Abin da ya fi kashe robar nan garin katako ne. Yana taruwa a ramin da take zaune, ya sha laima, ya kumbura, ya ɗaga ta. Ƙaramar ƙusa guda da ta faɗa ramin ta isa ta huda ta idan aka danne murfi. A riƙa share ramin da buroshi, a shafa mata man silikon kaɗan. Kada a sa mata man inji, yana lalata wasu nau'o'in roba.

Babbar matsalar daga ciki take fitowa. Akwatin da ruwa ba ya shigarsa, danshi ma ba ya fita. Aka jefa zarto da yayyafi ya taɓa, ko tsumma mai gumi, aka rufe, rana ta dafa akwatin, dare ya sanyaya shi, sai raɓa ta kwanta a kan ƙarfe. Bakin cizal da ƙasan abin fere katako su ne ke fara ja. Maganinsa: a goge kowane ƙarfe ya bushe kafin ya shiga, a shafa masa mai siriri, a ajiye ƙunshin silika, wato ƙwayoyin da ke shanye danshi, a ciki. Mai launin ruwan lemo yana komawa kore idan ya ƙoshi da danshi, sai a gasa shi a zafin da bai wuce digiri 120 na ma'aunin Celsius ba, ya dawo aiki. In an isa inuwa kuma iska a bushe take, a bar murfin a buɗe na ɗan lokaci.

Tsawo shi ne inda ya gaza wa kafinta. Cikinsa bai wuce santimita 50 ba. Zarton da tsawon ƙarfensa santimita 50 ne, in an haɗa da mariƙi, ya haura 60, don haka ba ya shiga ko an karkata shi. Haka lebul, wato ma'aunin daidaito, mai santimita 60. Ko dai a nemi akwati mai santimita 70, ko a koma gajeren zarto mai santimita 38. A auna kayan aiki mafi tsawo tukuna, kuma awon ciki za a duba, ba na waje da ake bugawa da manyan lambobi ba.

Nauyi kuma, babu komai a ciki ya kusa kilo 5. Da guduma, cizal, filaya, sukwaya, diril da batura biyu da kwalin ƙusoshi, nan da nan ya doshi kilo 20, mariƙi ɗaya na sama kuwa yana cin tafin hannu idan tafiya ta yi nisa ko akwai bene. Mai irin wannan kaya gara ya raba su gida biyu, ko ya ɗauki mai taya. Sandar hinjinsa ta ƙarfe ce, abin da na yaba ƙwarai, domin ta filastik ita ke fara karyewa. Ramin kwaɗo ma an lulluɓe shi da ƙarfe.

Baƙin murfi yana jan zafi sosai, batirin lithium da gam kuwa ba sa shiri da zafi, don haka kada a bar su ciki a tsakiyar rana. Tiren ba shi da zurfi, ya dace da fensir da tef da sukurudireba. Cizal dai sai an naɗe su a jakar zane, in ba haka ba bakinsu zai yi ta karo da guduma har ya dakushe.