Sharhi kan garejin da ya binciko zamewar kulocin tsohuwar motata

Sauya faifan kuloci aiki ne da kusan kowane bakanike zai iya yi idan yana da jak da 'yan taimako biyu, saboda haka ba wannan ne ya sa nake yaba wa garejin da ya gyara mini mota ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka ƙi sauke giyabos har sai da suka tabbatar cewa ciwon yana ciki, sannan da suka buɗe ba su tsaya ga faifan da ya lalace ba, sai da suka nemo abin da ya lalata shi. Akwai wuraren da suka gaza, kuma zan faɗe su, amma ta fuskar bincike ban ga abin kushewa ba.

Motar tsohuwa ce mai giyar hannu guda biyar, kuma kulocinta na waya ne, ba na mai ba. Alamar da ta fara nunawa ita ce, idan ina giya ta huɗu ko ta biyar na taka totur domin in wuce wata motar, sai injin ya ɗaga murya, allurar da ke nuna juyin inji ta yi sama, amma gudu bai ƙaru ba sai bayan ɗan lokaci. A giya ta ɗaya da ta biyu kuwa lafiya lau take tafiya. Daga baya hawan tudu da lodi ya soma kawo wani wari mai kama da na birkin da ya ɗauki zafi.

Babban bakaniken bai taɓa sifana ba a farko. Ya karɓi makulli, ya ce in zauna a gefensa, muka hau titi har injin ya yi zafi, domin a cewarsa kulocin da ya fara gajiya yakan riƙe da sanyi ya saki da zafi. Yana kimanin kilomita 50 a awa ya saka giya ta biyar, ya danne totur har ƙasa, ya ce, "Malam, kada ka saurari kukan inji, ka dubi allurai biyun nan." Ta juyin inji ta yi tsalle, ta maleji kuwa ta tsaya inda take. Bayaninsa ya gamsar da ni, domin allura ɗaya daga inji take karatu, ɗayar kuma daga bayan giyabos, kuma a motar giyar hannu, matuƙar tana cikin giya kuma ƙafa ba ta kan kuloci, dole su tashi tare. Da tayoyi ne suke sulɓi a kan titi, da dukansu biyu sun hau. Da injin ne ba shi da ƙarfi, saboda fulogi ko toshewar hanyar fetur, da juyinsa ma ba zai tashi ba. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa manyan giya suke tona asiri: a ƙaramar giya mota tana saurin amsawa, amma a babba nauyinta yana turjewa, sai duk ƙarfin injin ya tsaya a kan faifan na tsawon lokaci.

Da muka dawo ya yi gwajin da kowa ya sani, wato ya ja hambirki, ya saka giya ta huɗu, ya ɗan ɗaga inji, ya saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take, nawa kuwa sai da ya yi 'yan daƙiƙu yana gurnani kafin ya mutu. Ni ban cika son wannan gwaji ba, domin yana ƙara ƙona abin da ya riga ya ƙone, amma sau ɗaya ya yi shi, kuma bai daɗe ba.

Wurin da na fi ganin ƙwarewarsa shi ne abin da ya biyo baya, lokacin da wani zai ce an gama bincike a fara kwancewa. Ya durƙusa ya danna fedar kuloci da yatsu biyu, yana auna 'yar tazarar nan da feda take yi a sake kafin ta fara tauri. A yawancin tsofaffin motoci ana son ta kai kimanin milimita 10 zuwa 20, ko da yake littafin kowace mota shi ne alƙali. Tawa ta kusan ɓacewa gaba ɗaya. Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne, yayin da faifan yake cinyewa yana sirancewa, yatsun sifirin da ke jikin murfin matsi, wato murfin da ke matse faifan, sukan turo waje su matso kusa da boris ɗin da ke danna su. Idan tazarar ta ƙare, boris ɗin zai zauna a kansu kullum, sai ya zama tamkar direba ya ɗora ƙafa a kan feda bai ɗauke ba, faifan kuma ba zai sami cikakken matsi ba. A irin wannan hali, sassauta noti ɗaya a jikin waya yakan warkar da mota ba tare da an sauke komai ba. Ya daidaita wayar, ya duba ko tana maƙalewa a cikin rigarta, muka sake fita titi. Zamewar ta ragu amma ba ta tafi ba, kuma a nan ne ya yanke hukunci cewa sai an buɗe.

Masu motocin da kulocinsu ke aiki da mai suna da kwatankwacin wannan. Idan 'yar kafar da mai yake komawa ta cikinta a famfon sama, wanda feda take dannawa, ta toshe, ko an ɗaure sandar feda fiye da kima, mai yakan riƙe matsi bayan an saki feda, musamman idan ya yi zafi, sai kuloci ya riƙa zamewa alhali faifansa lafiya yake. Iska a cikin layin mai kuwa matsalarta dabam ce, domin ita wahalar shiga giya take kawowa, ba zamewa ba, kuma na sha jin ana gauraya su.

Kafin su sauke giyabos, ya haska fitila a ƙarƙashin mahaɗar inji da giyabos, ya shafo wani danshi baƙi da yatsa ya sansana. Man giya yana da wari mai ƙarfi na farar wuta, wannan kuwa ba shi da shi, don haka ya ce baƙin mai ne daga robar da ke rufe bayan inji. Da suka buɗe haka aka tarar. Sun kira ni na gani da idona kafin su jefar da komai, kuma ina ganin duk garejin da ya san abin da yake yi bai kamata ya ji nauyin yin haka ba. Fuskar faifan ta yi baƙi tana ƙyalli, kuma idan ka goga yatsa sai ya ɗauko maiƙo. Ƙusoshin da ke riƙe da fatar da ke fuskar faifan sun kusa fitowa, domin da ya auna zurfinsu ya same su dab da milimita 0.3, wadda ita ce iyakar da littattafan gyaran motocin Japan da dama suke bayarwa. A kan babban faifan ƙarfe na bayan inji, wanda kulocin yake mannewa da shi, akwai tabo shuɗi-shuɗi na zafi da 'yan tsage sirara. Da an saka sabon faifai an bar robar nan tana ɗiga, da ba a jima ba an sake biyan kuɗin sauke giyabos.

Sun ba ni shawarar sauya faifai da murfin matsi da boris a lokaci guda, tare da robar bayan injin, kuma na yarda, domin wahalar aikin duk a saukewa da mayarwa take. Sun bar mini zaɓi tsakanin sanannun kamfanoni irin su Exedy da Aisin na Japan, da Valeo na Faransa, da LuK da Sachs na Jamus, na ɗauki wanda ya yi daidai da na asali. Faifan ƙarfen kuma aka kai shi aka feƙe fuskarsa. Sa'ar da na yi ita ce nawa dunƙulalle ne, ba irin mai ɓari biyu da sifirin a tsakani ba, wanda LuK ta fara ƙerawa a 1985, domin shi galibi sauya shi ake yi ɗungurungum. Wajen mayarwa na ga sun yi amfani da sandar saita faifai a tsakiya, sun kuma ɗaure notocin murfin kaɗan-kaɗan suna tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta ɓangaren gazawa, abu mafi muni da na gani shi ne wani yaron garejin ya ɗauko bututun iska zai hure ƙurar da ke cikin gidan kuloci. Tsofaffin faifai da yawa an yi su da asbestos, wanda ƙurarsa take lalata huhu, kuma a tsohuwar mota ba wanda zai iya rantsuwa kan abin da ke ciki. Sai da na yi magana aka kawo tsumma mai danshi. Ban da haka, motar ta wuce ranar da aka yi mini alkawari ba tare da an kira ni ba, kuma ba wanda ya gaya mini cewa sabon kuloci yana son lallaɓawa na kimanin kilomita 500 na farko, ba fizga ba lodi mai nauyi, har sai fuskokin sun zauna da juna.

Yanzu motar tana kamawa daga tsakiyar feda, ba can sama ba kamar da, fedar ta yi laushi, kuma a giya ta biyar allurai biyun tare suke tashi ko da a kan tudu ne. Duk mai tsohuwar motar da ke nuna irin waɗannan alamu zan iya tura shi irin wannan gareji, da sharaɗin ya tsaya a kan batun ƙura, ya kuma nemi a tsayar masa da ranar karɓa. Sabuwar fata takan ɗan zauna bayan an fara amfani da ita, wanda hakan yake rage tazarar feda, don haka na koma aka sake auna ta aka ɗan sassauta wayar, kuma sun yi wannan a tsaye ba tare da wata gardama ba.