Bargon Mario ko filon Tetris: wanne za ki ɗinka a matsayin kyauta?

Duk wanda ya taso yana danna Super Mario a gidan gem na unguwa, ko yana bin macijin nan a Nokia 3310, to idan ya ga hoton a jikin bargo ko filo sai ya yi murmushi kafin ya ce komai. Shi ya sa irin wannan kyauta take shiga rai. Kuma an yi dace, hotunan tsofaffin wasannin nan gida-gida suke kamar dara. Kowane ɗigon hoto, wato fiksel, murabba'i ne, don haka ƙyalle ɗaya mai kusurwa huɗu yana tsaya masa daidai.

Kafin ki je Kantin Kwari ko ki kira tela, ki ƙirga gidajen. Lissafin nan shi zai faɗa miki kuɗin da kwanakin da aikin zai ci.

Ɗauki ƙaramin Mario na Super Mario Bros., wanda Nintendo ta fitar a 1985. Yana zaune ne a fili mai gida 16 a tsaye, 16 a kwance, ƙyalle 256 ke nan. Launinsa uku kacal, domin NES, injin Nintendo da ake buga wasan a kansa, bai yarda hoto mai motsi ya wuce uku ba: ja, ruwan ƙasa da launin fata, sai na bayansa da za ki zaɓa da kanki. Idan kika yanka kowane ƙyalle inci 2.5, rubu'in inci zai shige cikin ɗinki ta kowane gefe, ya rage inci 2, bargon ya tashi inci 32. Na jariri ke nan. Babban mutum sai kin yanka inci 4.5 kafin ki samu inci 64. Aiki ne na makonni, kuma ba ya yafe kuskure: layi ɗaya ya goce, gashin bakin Mario ya koma gefen kunci.

Ni da shi na fara, don yayana, ban ji maganar kowa ba. Na gama lafiya, na yi ta yaba kaina. Wankin farko jan yadin ya zuba, fuskar Mario ta koma kamar an watsa mata zoɓo. Mai shagon ya rantse mini ba ya zuba, ni kuma ban jiƙa na gani ba. Tun daga ranar kowane yadi, musamman ja da baƙi, sai ya kwana a bokiti shi kaɗai kafin almakashi ya taɓa shi. Hakan kuma yana sa ya gama tsukewarsa tun da wuri.

Filo shi ne zaɓin da nake ba mai farawa. Halittar nan mai kama da ƙaguwa ta Space Invaders, wasan kamfanin Taito na 1978, gida 11 ce a kwance, 8 a tsaye, kuma launi biyu sun ishe ta. Da ƙyallaye masu tashi inci 1.5 za ta shige filo mai inci 18 har da ɗan sarari. Tetris ya fi ma sauƙin kai. Wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet a 1984 siffofi bakwai ne kawai, kowace gida huɗu, kuma duk yadda kika jera su mai kallo zai gane. A nan ragowar ƙyallayen da teloli ke tarawa a buhu suke da amfani, muddin kaurinsu ya yi kusa da juna. Kar ki haɗa shadda mai santsi da yadi mai roba, za su yi ta jan juna a ƙarƙashin keke.

Akwai kuma ɗinkin hannu na zare, inda ake gicciya zare biyu a kowane gida a kan yadi mai ramuka da ake kira Aida. Mai lamba 14 yana ɗaukar ɗinki 14 a inci ɗaya, saboda haka Mario gaba ɗayansa bai wuce inci ɗaya da ɗoriya ba. Ya yi kyau ga maƙalin makulli, aljihun jaka, ko a sa shi a firam. Shi ne mafi arha, ba ya buƙatar keke, kuma wadda ta taɓa ɗinkin hula ba za ta ga baƙon abu ba. Sai dai ƙarami ne, idan kyautar biki ce zai ɓace a cikin kaya.

Yadin da aka riga aka buga wa hoton kuwa, yana da sauri, amma ba na ganin ya cancanci sunan aikin hannu. Daga nesa ma ana gane shi.

Wajen sayen yadi, nemi na auduga zalla mara zane. Atamfa mai manyan furanni tana cinye hoton, sai dai ki ajiye ta don bayan bargon, inda take ƙawata shi sosai. Yadi ɗaya mai faɗin inci 44 yana ba da ƙyallaye sama da 200 na inci 2.5, don haka rabin yadi na kowane launi ya wadatar da filo har ya yi saura. Abin da za ki sa a tsakiya ya danganta da inda mai kyautar yake. Auduga mai kauri a Kano ko Maraɗi sai hunturu za a waiwaye ta, sauran watanni tana ƙasan akwati. Siririn yadi mai laushi a tsakiya ya fi, a shimfiɗa a falo ko a lulluɓa da asuba.

Dabara ɗaya da ke rage wahala ita ce gam ɗin da teloli ke mannawa a wuyan riga. Ki zana layuka a kan mara nauyinsa, ki jera ƙyallayen, ki bi da dutsen guga su manne, sannan ki ninke ki ɗinka layi-layi. Filo da shimfiɗar bango sun dace da shi, amma yana ɗan sa bargo tauri.

Idan sayarwa kike tunani, ki sani hotunan nan mallakin kamfanoninsu ne, Nintendo kuwa an san ta da tsanani a kan nata.

In kuma tela za ki ba, kar ki nuna masa hoto a waya ki tafi. Ki zana masa a takardar lissafi mai gida-gida, ki shafa launukan, ki rubuta adadin kowane launi a gefe. Ku yi ciniki a kan yawan ƙyallayen, domin wanda ya saba da kuɗin zanen gado zai karɓa da murna, sai ya kai layi na biyar ya ajiye miki aikin a ƙasan tebur. Kuma kar ki kai masa ana saura mako biyu Sallah.