Wata bakwai da laftof ta hannu, bayan shekara huɗu ina rubutu a waya

Littattafaina biyu da babban yatsa na rubuta su, a waya, ina turawa guruf ɗin WhatsApp shafi-shafi. Na uku ne ya kai ni bango. Na danne rubutu zan kwafa, yatsa ya zame, babi guda ya tafi sukutum. Ranar ko tuwo ban kalla ba. Da ɗaukar adashe ta zo kaina sai na ja ƙanina muka shiga wani shago a Kano, na sayi laftof ta hannu: injin Core i5, RAM (inda take riƙe abin da ake aiki a kai) 8GB, SSD (ma'ajiyar fayiloli) 256GB, da Windows 10 a kai.

Tun a Adaidaita Sahu yake mita. "Yaya, asarar kuɗi kawai. Me wannan za ta yi wanda Android ba ta yi?" Wata bakwai ke nan, kuma a wasu wuraren na sallama masa.

Haruffa masu lanƙwasa, misali. A Gboard, kibod ɗin waya, in ka saka Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna nan kusa da yatsa. Windows ma tana da kibod na Hausa, amma sai ka shiga saiti ka ƙara shi, sannan hannu ya koyi inda suke. Na yi sati biyu ina rubuta "kasa" inda nake nufin "ƙasa". Batun wuta kuwa ba a magana: waya tana kai ni dare, ita kuwa laftof mai shagon ya rantse min, "Hajiya, awa huɗu cur," ashe ko awa ɗaya da rabi ba ta cikawa. Ana ɗauke wuta nake fara kallon kusurwar sikirin kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Amma ranar da na yanke shawarar canza sunan jarumata, ranar na gane abin da na saya. Sunan ya fito a kusan kowane shafi. Na buɗe Word, na danna Ctrl da H, na rubuta tsohon suna a sama, sabo a ƙasa, kafin shayina ya huce an gama. Na san manhajojin waya ma suna da wannan, sai dai a can kana leƙen littafinka ne ta ƙofar taga, layi goma-goma. A nan babi na biyu yana hagu, babi na ashirin yana dama, ina ganin inda na ce mahaifinta ya rasu da inda na manta na sa shi yana ɗaura mata aure. Masu karatu sun taɓa kama ni da irin wannan, ba su kuma yafe ba. Sai Ctrl da Z, mai maido da abin da ka goge, wanda da ina da shi a waya da babina bai salwanta ba.

Bambancin a gininsu yake. Android an tsara ta don abu guda ya cika fuska, kuma in RAM ta cika sai ta rufe manhajar da ka bari a baya. Windows kuwa abin da ka buɗe yana nan sai ka rufe shi da kanka, kuma fayilolinka suna cikin folda da kai ka raɗa wa suna, ba sai ka tuna wace manhaja ce ta ɓoye su ba.

Data na ƙone da hannuna. Na jona hotspot ban san ana gaya wa Windows cewa layin na awo ne ba, ta hau sauke sabuntawa. Saitin, wato "metered connection", yana nan a sashen Wi-Fi. A kunna shi tun ranar farko.

Babban kuskurena shi ne ban duba zubin injin ba. Tawa i5-6300U ce, wato zubi na shida. Windows 11 tana neman zubi na takwas zuwa sama a injinan Intel, da kuma wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, ga shi wa'adin tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Duk wadda za ta saya, ta kalli lambar farko bayan i5 ɗin: in ba ta kai 8 ba (ban da masu farawa da 10, 11 zuwa sama, su sababbin zubi ne), a rage kuɗi sosai ko a bar musu kayansu. Sannan a sa mai shago ya zare caja, a zauna a ga yadda batir ke sauka, ko da zai ɓata rai.

Har yanzu in zance ya faɗo min a gidan biki, a waya nake kama shi, in na dawo in juye. Ƙanin nawa kuma jiya da daddare ya yi sallama, wai in ara masa zai haɗa aikin makaranta, tebur ya ƙi zama daidai a wayarsa. Na ba shi, na ce ya haɗa da cajar.